Akwatin Mai Bidiyon Dutsen Marke

Abu na farko da aka tare ni a kansa a Turai ba fasfo ba ne, kaset ne. Jami'in da ke binciken kaya a filin jirgi ya zaro shi daga tsakiyar rigunana, inda na naɗe shi da ɗankwalin Inna. Ya juya shi, ya kai kunne ya girgiza, da alama tun da aka haife shi bai taɓa riƙe kaset ɗin bidiyo ba. Ya tambaye ni me ke ciki. Na ce ban sani ba. Wannan amsa ce ta sa aka zaunar da ni a wani ɗaki har jirgin ƙasan da zai kai ni cikin gari ya tafi ya bar ni.

Gaskiya kuwa na faɗa masa. Babana, Garba Mai Bidiyo, shi ne mai ɗaukar biki da suna da gayya a ƙauyenmu Dutsen Marke, can bayan Kuyello, da sauran ƙauyukan kewaye. Ɗaurin aure a masallaci ko a coci, duk inda aka kira shi zai ɗaure kyamara a bayan babur ya je. Yakan ba masu biki nasu, ya ajiye uwar kaset ɗin a wani akwatin ƙarfe. Sai dai bai taɓa yin rubutu a jikin ko ɗaya ba. Da ido ya san su, yadda makiyayi ya san shanunsa: wannan mai tsagaggen gefe auren wane ne, wancan mai ɗigon fenti sunan 'yar wance ne. Ranar da 'yan bindiga suka tare motarsu a daji, wannan sani ya tafi tare da shi.

Ba a daɗe ba suka shigo ƙauyen kansa. Waɗanda suka tsira muka yo Birnin Gwari, kaset-kaset ɗin da ke hannun mutane suka ƙone tare da ɗakuna da rumbuna. Da aka samu aka koma kwashe abin da ya rage, Inna ta bar gadonta da kwanukan jerenta, ta ce akwatin za a ɗora a amalanke. Haka ya biyo mu ɗakin da muka kama haya a unguwar Magajin Gari. Duk wanda ya mutu a Dutsen Marke, in yana da sauran fuska a duniya, to tana cikin wannan akwati.

A cikin masu jiran akwatin babu kamar Mama Rahila, maƙwabciyarmu tun a ƙauye. Iyayen mijinta daga kudancin Kaduna suka zo noma, ita da Inna kuwa turmi ɗaya suka tsufa suna daka. Ɗanta Bitrus yana cikin waɗanda aka kashe ranar da aka shigo, ita kuma da zanen jikinta kawai ta fito, ko hotonsa ɗaya ba ta da shi. Babana ne ya ɗauki aurensa. Mun taɓa aro na'urar bidiyo muka gwada wani kaset, sai ta tauna zaren ta tofar, muka duba muka ga fumfuna ta yi masa fari fat. Daga ranar na hana kowa taɓa sauran. Da na samu gurbin digiri na biyu a fannin adana sauti da hotuna masu motsi, na zura hannu a akwatin da bisimilla na ɗauko guda ɗaya na gwaji. Mama Rahila ta ce mini, "Ɗana, ni ba na son tsaraba. Bitrus kawai za ka nuna mini, ko tsayuwarsa ne."

Masaukina shi ne cuta ta farko. Wani ɗan ƙasarmu da muka yi magana ta waya ya turo mini hoton ɗaki mai faffaɗar taga da itatuwa a waje. Da na iso sai ya yi ta gangarawa da ni ƙasa. Tagar ɗakin da ya buɗe mini daidai take da takalman masu wucewa a titi, bango kuma yana gumi kamar randa. Na ce ai ba wannan na gani a hoto ba. Ya dafa kafaɗata ya ce, "Ɗan'uwa, haka kowa ya fara." Baƙo ko da ido makaho ne, ga jaka a hannu, ga sanyi yana shiga har cikin haƙori. Na karɓi mabuɗi. Ban sake ganinsa ba sai ranar karɓar haya.

A makon farko aka kai mu ɗakin ajiyar finafinai. Shi ma a ƙarƙashin ƙasa yake, amma wannan ƙarƙashin ƙasa ta masu gata ce. Sanyinsa aunanne, iskarsa busasshiya, wuta ba ta taɓa ƙiftawa ba. Aka sa mana farar safar hannu, aka nuna mana wani tsohon fim da ake ji da shi: wasu mutane ne da suka daɗe da zama ƙasa suna yi wa karensu wanka a bakin ƙofa. Ba zan ɓoye ba, hassada ce ta kama ni. Karen wasu yana kwance cikin sanyi ana gadinsa, mutanen garinmu gaba ɗaya suna cikin akwatin ƙarfe a ɗakin da kwanonsa ke yoyo. 'Yan ajinmu sukan kwashe rabin yini suna gardama a kan ko ya dace a goge ƙarzanen da ke jikin tsohon fim ko a bar shi. In na ce ni garina ne babu shi, sai su sunkuyar da kai, can wani ya tambayi ko akwai mai son shayi.

Na kai wa ma'aikatan wurin kaset ɗina, suka ƙi karɓa. Fumfuna tana yaɗuwa, in ta shiga na'ura za ta kama na wasu, sai na jira layin ɗakin da ake keɓe masu cuta. Sun yi gaskiya, shi ya sa abin ya fi ciwo. Na riƙa yawo da shi a jaka kullum don ban yarda in bar shi a ɗakina mai gumi ba.

Abin da aka fi nanata mana a wannan zango shi ne danshi. Ni kuma duk abin da na ji a aji sai na juye wa Inna ranar Juma'a ta waya. A ɗora akwatin a kan bulo. Kada ya jingina da bango. Danshi ne abokin gabansu, in suka jiƙe fumfuna ta cinye su, shi ke nan. Na faɗa, na maimaita, na sake faɗa, har takan tare ni tun kafin in gama sallama.

"To likitan kaset, mun ji. Suna nan lafiya, sun ce a gaishe ka. Kai dai kana cin abinci kuwa?"

"Ina ci, Inna."

"Ƙarya kake, muryarka ta rame. Ga Maman Bitrus ta miƙo hannu."

Ba na ci ɗin kuwa. Burodi ne da dankali, sai wata miya mai kama da ruwan wanke kwano. Akwai ranar da na ga busasshiyar kuɓewa a shagon wasu 'yan Sudan, na tsaya ina shinshina ledar har mai shagon ya ce in ɗauka kyauta. Ba ni da garin tuwo, ba ni da muciya. Na ajiye ta a kan tebur ina kallo har ta yi laushi.

Malamar da ke kula da ɗakin na'urori wata dattijuwa ce, Madam Ilsa. Ba ta dariya, ba ta amsa gaisuwa sai da ka, na gama yanke hukuncin ba ta ƙaunar baƙar fata. Ana tsakiyar hunturu ta tsayar da ni a ƙofa ta ce in zo ranar Asabar da kaset ɗina. Ranar hutunta ce. Da na zo ta miƙo mini wata rigar sanyi mai nauyi ta ce ta mijinta ce, ya rasu, ba mai sawa. Ba ta jira godiya ba ta ce in wanke hannu.

Kafin mu fara ta jawo ɗan guntun wani mataccen zare ta ɗaga shi a haske. Ta kankare shi da farce, baƙin ya fita, ya bar leda garau ana hango yatsanta ta ciki. Ta ce in duba da kyau: ledar ba komai ba ce, wannan baƙin da ke manne a jikinta shi ne hoton, shi ne muryar. In ya fita babu malamin da zai mayar da shi. Haka muka yini muna bin zaren babana a hankali, ba gugawa, ba ja, har fumfunar ta tafi. Sai da la'asar ta zura shi a na'ura.

Gayya ce. Gonar Mai Unguwa, dawa ta kai ƙugu, maza sun jeru da garma, mai gangar noma yana bin su a baya yana zuga su. Ga Audu Kurma da ya fi kowa sauri, ga Iliya mai wa'azin coci ya tuɓe riga, ga mata sun iso da ƙoren kunu a ka suna tsokanar waɗanda aka bari a baya. Madam Ilsa takan tsayar da hoton a kan kowace fuska ta ce, "Wannan fa?" In faɗi suna, in faɗi ko yana raye. Yawanci ba ya raye. Can wajen ƙarshe mutane suka taru a gindin marke za a ci abinci, sai wata murya ta fito daga bayan kyamara, kusa sosai, har da numfashinta: "Ku matso, ba na ganinku duka." Babana ne. Madam Ilsa ta tashi ta ce za ta haɗa shayi, ta daɗe ba ta dawo ba.

Bitrus ba ya ciki. Na duba fuska ɗaya bayan ɗaya, ba shi. Da na gaya wa Mama Rahila sai ita ce ma ke ba ni haƙuri. "Ba komai, ɗana. Ai yana cikin akwati, ba inda za shi. Ka dai gama koyo ka zo."

Cuta ta biyu da murmushi ta zo. Ranar da ɗalibai ke nuna aikinsu na saka gayyar. Bayan an tashi wani mutum mai suna Ruben ya riƙe hannuna da hannu biyu, idonsa jawur. Yana da wani zaure a cikin gari inda yake nuna hotuna da finafinai. Ya ce in na ba shi ya nuna, manyan mutane za su gani, za a samu masu aika na'urori har Birnin Gwari a ceci sauran akwatin. Ni da nake kwana ina tashi da akwatin nan a rai, ko tunani na biyu ban yi ba na yi masa kwafin gayyar na ba shi. Ashe rogo na yi wa kallon kitse.

Ranar buɗewa na sa rigar mijin Madam Ilsa a kan kaftanina na je. Hoton ya cika bango guda. Amma ya cire ganga, ya cire dariya, ya rage gudun hoton har garma tana sauka kamar mai ita ba shi da lafiya, ya ɗora wani kiɗa mai sa kuka. Gayya ya mayar zaman makoki. A gefe an rubuta: wani ƙauye da ba a san sunansa ba, Afirka ta Yamma. Mutane riƙe da kofuna suna girgiza kai suna tausaya wa Audu Kurma, wanda a daidai lokacin dariya yake yi wa ƙaninsa don ya bar shi a baya.

Na ja Ruben gefe na ce ƙauyen yana da suna, na kuma faɗa masa sunan tun ranar farko.

Ya ce, "Suna yana raba hankalin mai kallo. In ba suna, ƙauyen ya zama na kowa."

"Ba na kowa ba ne. Ina muryar da ke ƙarshe?"

"Wannan hayaniyar bayan kyamara? Na share ta, ta ɓata yanayin."

Na ɗaga murya, ban ma san da Hausa nake yi ba sai da na ga mai gadi a gefena. Aka raka ni waje cikin ladabi, su komai nasu cikin ladabi ne. Na'ura ko ɗaya ba a aika ba, Ruben kuma ya daina ɗaukar wayata. Abin da ya fi ƙona mini rai shi ne da hannuna na miƙa masa.

Bayan wannan sai shiru ya zo daga gida. An ɗauke sabis ɗin waya a yankinmu gaba ɗaya saboda 'yan daji. In na kira, wata mata ce ke gaya mini lambar ba ta samuwa. Damina kuwa ta kankama. Na koma duba hasashen yanayi na Birnin Gwari a waya safe da yamma, kullum hadari, kullum ruwa. Ban san ko Inna tana raye ba, amma Allah ya sani tunanina rabi a kanta, rabi a kan kwanon ɗakinmu.

A cikin wannan shiru ne muka kai darasin ambaliya. A nan na ji abin da ban sani ba duk watannin da na yi ina yi wa Inna wa'azi. Kaset ɗin da ya jiƙe bai mutu ba. Ko taɓo ya sha, in aka bar shi a rufe a wuri mai sanyi, gwani zai iya ɗauraye shi ya busar a inuwa ya dawo da shi. Abu biyu ne ke kashe shi har abada: guga da zafi. Ina fita aji na kira Inna. Matar nan ta ce lambar ba ta samuwa. Na tura saƙon murya, na sake turawa, suka tsaya a wayata ba su tafi ba.

Kiran ya shigo wata rana da azahar ina tsaye a tashar bas. Akwai wani tudu a bayan gari inda sabis ɗin wata jiha ke leƙowa, mutane kan yi kasada su hau su yi layi. Can su Inna suka taka.

"Sabi'u, kana ji na? Lafiya muke, kowa lafiya. An yi ɓarna amma mun gyara, kada hankalinka ya tashi."

"Wace ɓarna, Inna?"

"Ruwa ne aka yi kamar da bakin ƙwarya. Katangar baya ta faɗi, ya shigo mana har gwiwa. Bulon naka bai hana komai ba, akwatin ya sha taɓo har ciki. Na ce wayyo, ga abin da yaron nan yake ta faɗa. Ba waya balle in tambaye ka. Sai na ce to, hatsi ma in ya jiƙe ai ba zama ake a zuba masa ido ba."

Bas ɗina ya zo ya tsaya, ya buɗe ƙofa, ya rufe ya tafi.

"Muka zaro zaren duka, ɗaya bayan ɗaya. Muka wanke da sabulu, muka bi da tsumma. Kai, ashe haka suka yi datti? Wani baƙi ke fita, har yau bai bar ƙarƙashin farcena ba. Muka shanya a kan kwano, Allah ya taimake mu rana ta buɗe kamar an roƙa. Sun bushe ƙayau, har ƙara suke in ka taɓa. Ko ɗigon danshi babu. Kana ji na kuwa? Ka yi shiru."

Na ga hannuwanta a raina, masu fama da sanyin ƙashi, da ko wankin kayanta ba ta iya gamawa a yini ɗaya. Na ce, "Sannu da aiki, Inna."

"Ai ba ni kaɗai ba ce. Maman Bitrus ta fi ni wahala, ita ta hau tsani da tsufanta, ita ke zama a rana tana gadi kada iska ta kwashe. Ga ta."

Muryar Mama Rahila ta zo tana haki saboda hawan tudu. "Ɗana, sannu da karatu. Mun goge su tas, ba mu bar ko ɗaya ba. Wasu ma har kana ganin hannunka ta ciki don haske. Yanzu dai Bitrus zai fito da kyau, ko?"

Tun da na zo ƙasar nan ban taɓa samun layi mai kyau irin na ranar ba. Ina jin numfashinta, ina jin wata akuya tana kuka a bayanta. Na ce, "Mama, sabis ɗin yana yankewa, ba na jin ki sosai." Ta sake tambaya da ƙarfi, a hankali, kalma bayan kalma. Na kashe wayar.

Na gama karatun. Aikin da na rubuta a kan ceton kaset a ƙasashe masu zafi da laima ne, an ce ya yi kyau. Madam Ilsa kaɗai na gaya wa abin da ya faru. Sai ta ba ni mabuɗin ɗakin na'urori ta ce in mayar ranar da zan tafi. Nakan shiga in saka gayyar, in wuce da ita har gindin marke, in ji babana yana cewa a matso ba ya ganinmu duka. Abin da ya rage na Dutsen Marke ke nan, yini ɗaya a gonar Mai Unguwa.

An dawo da sabis yanzu, ni ne nake gudun waya. Kullum in na ɗauka da niyyar faɗa sai in tarar sun riga ni da labari. Sun naɗe zaren da hannu sun mayar cikin gidajensu, sun jera a akwatin, sun ɗora shi a kan tebur an lulluɓe da sabuwar leda. Jirgina jibi ne. Ɗazu Inna ta aiko da saƙon murya, tana cewa in yi ƙoƙari in biyo motocin da ake rakawa daga Kaduna, kada in yi yamma a daji. Ta ce Mama Rahila ta sanar a coci, ita ma ta gaya wa matan unguwa, duk mutanen Dutsen Marke da ke gari za su zo kallo washegarin isowata. Tsakar gidanmu ba za ta ɗauke su ba, don haka a waje za a yi. An riga an aro benci.